Daminar da Aka Ɗaure Autarmu

A garinmu, can bayan Kunci, gero har jikin danga yake zuwa. In ka fito daga zaure da damina, taku kaɗan za ka yi ka faɗa gonar wani, domin babu ƙasar da aka bari ta huta, ballantana a ce ga filin kiwo. Shi ya sa da an yi ruwan shuka mai unguwa yake sa a yi shela a ɗaure dabbobi. Daga ranar kowace akuya tana kan turkenta, sai an kai amfanin gona gida ake sakinta. Yaron goye ma ya san wannan doka. Mutum ɗaya ce a garin ba ta taɓa yarda da ita har cikin ranta ba, ita ce ƙanwata, autar Inna.

Auta muke ce mata. A shekarar da nake magana ta haura ashirin, amma hankalinta na ƙaramar yarinya ne. Gajeriya ce mai kumatu, idanunta ƙanana, harshenta ya ɗan yi wa bakinta yawa, maganarta a dunƙule take fita, sai wanda ya saba yake ganewa. Likita a birni ya gaya wa Baba haka aka halicce ta, babu maganin da zai sauya ta, kuma zuciyarta ba ta da ƙarfi, a riƙa lallaɓa ta. Mutanen kirki suna ce mata baiwar Allah. Marasa ta-ido suna cewa doluwa, su kuwa ni nake tare musu hanya, don tun ina yarinya zuciyata a kusa take, kuma hannuna ya fi bakina sauri.

Ban taɓa ganin wanda yake jin daɗin duniya kamar Auta ba. In ana daka sai ta bi amon taɓarya da rawa. In an yi baƙo ta yi guɗa, in kaza ta ƙyanƙyashe ta yi guɗa. Ranar da wayar Baba ta fara ƙara a gidanmu ta rangaɗa wadda sai da maƙwabta suka aiko tambayar wa ya haihu. Da safe tana bin kowa da gaisuwa, har jakin Baba, kuma sai ta tsaya jiran amsa. Aikinta a gida shi ne awaki. Ita ke yanko musu ciyawa a gefen hanya, ita ke dama musu dusa, tana yi tana ba su labarin abin da aka ci jiya.

Abu ɗaya ne ba ta iya jurewa, shi ne kuka. Na yaro ne, na ɗan tsako ne, na dabba ne, in ta ji sai jikinta ya hau rawa har ta gano abin da ake wa kukan ta magance shi.

A daminar nan na dawo gida wankan jego, haihuwar fari. Ina ta faman kunyar ɗan fari, in ya yi kuka a gaban mutane sai in kau da kai kamar ban san shi ba. Auta ba ruwanta da wannan. Kafin ya buɗe baki sau biyu ta sure shi ta dangwara min a cinya, tana hararata, tana cewa, "Yaya, ba shi." Matan da suka zo barka su yi ta dariya, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina.

Jego yana cin itace da kayan yaji da kanwa, don haka Baba ya sayar da 'yar da jar akuyarmu ta haifa, wadda ba ta gama barin nono ba. Bai kai ta kasuwa ba, maƙwabcinmu ya sayar wa. Wani dattijo ne da muke kira Tsoho a bayan idonsa. Gonarsa ce ta raba gidanmu da nasa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kudu, shi kaɗai yake nomansa, kuma faɗa ne da shi kamar ya ari baki. Yara ba sa bi ta gefen gonarsa. Auta ce kaɗai take leƙa kai ta saman danga kowace safiya ta ce, "Kaka, ina kwana," shi kuma ya ce "Lafiya" ba tare da ya ɗago ba.

Tun ranar da aka tafi da 'yar akuyar gidanmu bai sake samun shiru ba. Uwar tana kuka a nan, 'yar tana amsawa daga can ƙetaren gona. Washegari da hantsi sai ga turke babu akuya. Auta ta kwance ta, ita kuma ta nufi inda take jin muryar 'yarta, ta ratsa ta tsakiyar gonar Tsoho. Akuya kuwa ko tana makoki ba ta wuce ɗanyen wake. Ya shuka wake a tsakanin geronsa, ya fara yaɗo gwanin sha'awa, ta bi kunya guda ta aske shi.

Karon farko Tsoho ya jawo ta da kansa har ƙofar gida, ya faɗi abin da ya faɗa, Baba ya ba shi haƙuri. Inna ta zaunar da Auta ta yi mata nasiha, ta ce ta ji, kuma na san da gaske take. Amma da akuyar ta sake ɗaga murya sai nasihar ta bi iska. Baba ya yi wa akuyar ƙulli irin na ɗaurin kaya, Auta ta kwance da haƙori. Karo na biyu Tsoho bai zo gidanmu ba, wajen mai unguwa ya wuce. Aka kira Baba aka ja masa kunne a gaban jama'a, ya dawo ya shiga ɗaki ko tuwo bai ci ba.

Ni da Inna mun san maganin abin. Na ce wa Baba ya je ya karɓo 'yar akuyar a mayar wa Tsoho kuɗinsa, ko kuma a sayar masa da uwar su haɗu. Ya ce uwar ta gadon Inna ce, ba a sayarwa. 'Yar kuwa ciniki ya riga ya faɗa, da wane ido zai dubi dattijon da aka yi wa ɓarna har sau biyu ya ce a warware? Baba mutum ne mai kunya, irin kunyar da take sa mutum ya gwammace ɗaki ya faɗo masa da ya ce wa maƙwabci ara min tsani.

Labari ya kai kunnen Baffa, yayan Baba, wanda yake sayar da kayan gini a Rijiyar Zaki, can birni. A danginmu in ya yi magana ta zauna. Ya bugo waya ya ce dama ya daɗe yana faɗa, yarinyar nan ta girma, yau wake ne, gobe ba a san abin da za ta jawo ba. Ya san wani gidan mari inda ake kai masu irin larurarta, ana yi musu rubutu da addu'a, za a kai ta ta yi wata biyu ko uku. Da Inna ta ji kalmar mari sai ludayin da ke hannunta ya faɗi cikin tukunya. Mun san wani saurayi a ƙauyen gabanmu da aka taɓa kaiwa irin wurin. Ya tafi yana surutai, ya dawo ba ya magana sam, da tabon ƙarfe a idon sawunsa.

Baffa ya iso ana jibi kasuwar Ɗambatta, ya shirya da wani direba da zai biyo ta garinmu ranar kasuwa da safe. Kamar da gayya, washegari da azahar Auta ta sake kwance akuyar. Wannan karon Baba ya tare ta tun ba ta yi nisa ba, amma Baffa ya gani da idonsa. Ya ɗauko ragowar igiyar awaki, ya kira Auta ƙarƙashin rumfa, ya ɗaura mata a ƙafa, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin dirka. Ba da fushi ya yi ba, har yana ce mata 'yar Baffa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce zuwa gobe ne kawai, kada a sake jin kunya kafin mota ta zo.

Na fito daga ɗaki na ce, "Baffa, mutum ce fa."

Ya ce, "Ke mai jego, koma ciki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba."

Na dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa.

Auta ta ɗauka wasa ne. Ta durƙusa tana kwaikwayon kukan akuya, tana dariya, tana cewa a kawo mata dusa. Babu wanda ya taya ta. Can sai ta miƙe za ta je wajen jaririna da ya motsa, igiya ta fizgo ta. Ta dubi ƙafarta, ta dube mu, ta koma ta zauna. Daga nan dariyar ta ɗauke. Gidanmu ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba, sai kukan jar akuya kawai da amsar 'yarta daga nesa.

Da Baffa ya fita masallaci na tsuguna kusa da ita. Ƙullin ba wani ƙulli ba ne, wadda take kwance ɗaurin Baba da haƙori wannan ko kallo bai ishe ta ba. Na ce, "Auta, kwance mana."

Ta girgiza kai. "Baffa ya ce."

"To ita akuyar ba Baba ya ce kar ki kwance ba?"

Ta ce, "Ita tana kuka. Ni ba na kuka."

Na san in na kwance ta da hannuna Baffa zai mayar, kuma motar tana nan zuwa. Na shiga ɗaki na goya ɗana, na zura hijabi, na nufi ɓarakar da ke jikin dangar bayan gida. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, ballantana ta farin haihuwa, ballantana cikin gona. Inna ta ce, "Ke, ina za ki da ɗanyen jiki?" Na wuce abina.

Na tarar da Tsoho yana maimai a ƙarshen gonar. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mai jego a gona? Gidan naku babu manya?"

"Akwai manya. Su ne suka ɗaure ta a dirka kamar akuya. Gobe kuma za a kai ta gidan mari saboda wakenka."

"Ni na ce a kai ta?"

"Ba ka ce ba, amma ƙararka ce ta jawo."

Ban yi niyyar ɗaga murya ba, amma sai da ta ɗagu. Na gaya masa ba ɓarna Auta take so ba, uwa take kai wa 'yarta, 'yar da take ɗaure a gidansa tana kuka dare da rana, in shi kunnensa ya saba, nata bai saba ba. Na gaya masa Baba kunya ce ta hana shi zuwa. Na faɗi har abin da bai kamata yarinya ta faɗa wa sa'an kakanta ba. Yana tsaye ya dogara da fartanya, ya juya kai wajen gidansa, inda kukan yake fitowa.

Sannan ya ce, "Kin gama? Koma gida, hadari yana tasowa, kada ki jiƙa ɗan mutane." Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa.

Na dawo ina kuka, ina kiransa da sunaye a zuciyata waɗanda ba zan rubuta ba. Da ruwa ya sauko gab da magariba, Baba ya je ya kwance Auta da kansa, bai dubi kowa ba. Amma maganar mota tana nan.

Da safe Inna ta haɗa mata kaya a jakar bakko. Auta kuwa da ta ji an ce mota, sai ta manta da jiya gaba ɗaya. A duniya babu abin da take so kamar shiga mota. Ta ɗauko kayanta na salla ta saka, ta rambaɗa kwalli har kunci, ta shafa hodata, ta bi gida tana sallama da kowa, har jaki. Tana tambayata, "Yaya, biki?" Na sunkuya na gyara mata ɗankwali. Da ta ji ƙarar bas a ƙofar gida ta rangaɗa guɗa. Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Na tsaya a cikin zaure bayan ƙyaure ina leƙe. Direba ya buɗe baya ya cusa jakar a tsakanin buhunan masu zuwa kasuwa. Auta ta riga kowa shiga, ta zauna jikin taga tana ɗaga wa Baba hannu. Baffa yana sallama da maza biyu uku da suka taru. Na dubi hanyar gona, babu kowa. Na sake duba. Direba ya tayar da mota.

Sai ga Tsoho ya ɓullo ta cikin gero, ba ya sauri ko kaɗan, yana janye da 'yar akuyar da igiya. Ya zo ya tsaya daidai gaban bas ɗin. Ya yi sallama, ya gaisa da Baffa, ya tambayi mutanen birni, ya tambayi kasuwa, ya gaisa da Baba, ya tambayi mai jego da jariri kamar bai gan mu jiya ba. Direba yana ta danna ƙaho, ko a jikinsa.

Ya ce, "Kiwo na zo bayarwa. Ina yarinyar nan?"

A wajenmu mutum yakan ba wani akuya ya riƙe masa, in ta haihu a raba 'ya'yan. Ba a ba wanda ba a yarda da shi ba, kuma amana ce, ba a wasa da ita. Ban taɓa jin an ba irin Auta kiwo ba.

Baffa ya ce, "Malam, ai yarinyar tafiya za ta yi."

Tsoho bai kula shi ba. Ya zagaya wajen taga ya miƙa wa Auta bakin igiyar. "Ungo. Na ba ki kiwon wannan, ga shaidu. In ta haifi biyu, ɗaya nawa ɗaya naki, yadda aka saba. Kin karɓa?"

Auta ta dubi akuyar, ta dubi kujerar da take kai. Wallahi sai da ta yi tunani. Sannan ta kama igiyar ta ce, "Na karɓa, Kaka."

Ya juyo wajen Baffa. "To Alhaji, in kun tafi da ita wa zai riƙe min dabbata? Ƙarar wake na kai, yanzu daga wajen mai unguwa nake, na janye. Waken nawa ne ko naka?" Ya gyara tsayuwa ya ƙara da cewa, "Kullum sai ta dame ni da gaisuwa ta kan danga. In babu ita wa zai dame ni?"

Baffa ya ce maganar ta wuce wake, gaba ake jiye wa. Ya dubi Baba yana jiran ya mara masa baya kamar kullum. Baba ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Yaya, a sauke mata jakarta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a sanina shi ne karo na farko da ya taɓa musa wa yayansa.

Da aka ce Auta ta sauko sai ta fashe da kuka, wai an hana ta zuwa biki. Sai da direba, don ya samu ya tafi, ya ɗauke ta da akuyarta ya kai su bakin kwalbati ya dawo da su. Ta shigo gida da kwalli ya zubo mata har haɓa, ta kai 'yar wajen uwarta, ta tsaya tana kallo har ta kama nono. Sai a lokacin Inna ta buɗe ƙofa. Baffa ya bi motar ya koma, ya yi wata da watanni ba ya kiran Baba, daga baya ya huce.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Auta. Ta zama mai dabba, in an yi baƙo sai ta ja shi ya ga dukiyarta kafin a ba shi ruwa. Duk haihuwar da akuyar ta yi Tsoho yana zuwa ya karɓi rabonsa da fuska a murtuke, ya duba haƙora, ya yi ƙorafin ba ta ƙoshi ba, sannan ya ce ya sake ba ta kiwon wannan ɗin ma. Ko ɗaya bai taɓa tafiya da ita ba. Ba zan ce ta daina kwance awaki ba. Takan yi jefi-jefi, sai dai yanzu tana riƙe da igiya tana binsu.

Zuciyar da likita ya ce a lallaɓa ita ce ta tsaya, da wata damina, bayan sallar asuba. Ta ce wa Inna ta gaji, ta ɗora kai a cinyarta, kafin a samo babur ta cika. Na iso daga garin mijina ana shirin fita da ita. Har yau in na ji guɗa a gidan biki sai na waiga, kuma har yau ban ji wadda ta kai tata ba. Ina kewarta fiye da yadda zan iya faɗa.

Da la'asar muna zaune da mata masu gaisuwa sai awakin suka fara kuka. Tun safe babu wanda ya ba su ko tsinke, don shekara da shekaru babu wanda ya taɓa buƙatar tunawa da su. Suka haɗa murya gaba ɗaya suna fizgar igiya, suna duban ƙofar ɗakinta. Inna, wadda ta daure tun safe, ta sa hannu biyu ta toshe kunnuwanta.

Sai muka ji sallamar Tsoho daga zaure, mata suka gyara lulluɓi. Ya tsufa sosai a lokacin, da sanda yake tafiya. Ya wuce kai tsaye wajen awakin ya durƙusa da ƙyar, ya kama ƙullin farko. Yatsunsa suka kasa. Na tashi na je na sa haƙori yadda na ga tana yi, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe ɓarakar dangar bayan gida ya kora su cikin gonarsa, wake ya yi yaɗo har ya fara fure.

Baffa ya biyo shi yana cewa, "Malam, wakenka fa."

Ya ce, "Na sani."

Kukan ya ɗauke. Inna ta sauke hannuwanta, muka zauna muna jin motsinsu a cikin gero ta bayan danga, har aka kira magariba.